Kafin Jirgi Ya Iso Katsina, Mu Fara Shimfiɗa Dogo a Ɗaki

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Birnin Katsina bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa a bakin ganuwarsa ba. Dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, na Kano kuma ya kai Nguru a 1930. Mu a nan birnin Dikko aka bar mu da manyan motoci, su ke kwashe mana gyaɗa da auduga da fatu su kai inda jirgi yake. Yaron Funtuwa ya tashi ya san tarago da tasha da usur ɗin mai tuta, namu kuwa sai ya yi tafiya yake ganinsu. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa. Zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi, ya shigo Katsina, ya wuce Jibiya ya tsallaka Nijar.

Tun daga lokacin, hirar da ake yi a majalisa ba ta wuce uku: nawa aka ba da kwangilar, wa aka biya diyyar gona, yaushe za a gama. Duk tambayoyi ne masu kyau. Wadda ban cika ji ba ita ce: idan an gama an miƙa mana, 'ya'yan wa za su san yadda abin yake aiki? Wannan tambayar ce ta sa nake son in yi magana a kan wata sana'ar sha'awa da na tsunduma a cikinta, wato gina ƙaramin layin dogo a gida, da tasharsa da gadarsa da gonakin gefensa, da jirgin da ke tafiya a kai da wutar lantarki.

A ƙasashen Turai abin ya daɗe. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu dogo mai ƙayyadadden faɗi tun 1891. A Ingila sunan kamfanin Hornby ya shiga kusan kowane gida. A birnin Hambag akwai wani gini da ake kira Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Ƙananan jirage ne ke ta kai da kawowa a cikinsa tsakanin garuruwa da duwatsu, mutane na biyan kuɗi daga ko'ina a duniya su je kallo. Masu wannan sha'awa galibinsu magidanta ne, har da tsofaffin injiniyoyi da malamai da suka yi ritaya.

Kada wani ya ce abin Turawa ne. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya san motar kara. Bayan an girbe dawa, yara su samo kara, su feɗe ɓawon da reza, su yanka totuwa su yi gangar jiki, su tsira ta da tsinkayen ɓawon, su yanko tsohon silifa su yi taya. Wani ya yi tifa mai ɗaga baya, wani ya yi tirela da gwangwanin madara da waya. Babu wanda ya koya musu a aji. Hannu muna da shi, ido ma muna da shi. Abin da ya raba motar kara da aikin injiniya abu guda ne: awo. Yaro yana yin taya yadda ta yi masa kyau a ido. Mai gina ƙaramin dogo kuwa dole ya ɗauki rula ya tambayi kansa, da wannan tayar ta gaske ce, inci nawa za ta kasance, kuma idan na rage ta, sau nawa zan rage ta?

A nan ne aikin yake farawa. Kafin ka sayi ko ƙusa, sai ka zaɓi ma'auninka. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Mutum mai matsakaicin tsayi zai dawo kamar santimita 2. Ƙofar ɗaki mai mita 2 ta zama santimita 2 da ɗigo 3. Hasumiyar Gobarau, mai kimanin ƙafa 50, ba za ta kai santimita 18 ba. Akwai ma'aunin N da ke rage abu sau 160, ya dace da mai ƙaramin wuri, amma yana son ido mai kyau da yatsu marasa rawa. Da zarar ka zaɓa, shi ke nan, komai sai ya bi wannan lissafin, daga kan jirgi har tulun da ke ƙofar gida. Hatta gudu yana da awo: jirgin da ke yin kilomita 100 a awa, a kan teburinka santimita 32 kawai zai ci a daƙiƙa guda. Idan ya wuce haka, ido zai gane wasa ne.

Ga wani abu da zai ba ɗan Nijeriya sha'awa. Tsohon dogonmu, wanda ya bi ta Funtuwa, faɗinsa milimita 1,067 ne. Sabon, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da wanda ke tahowa Katsina, milimita 1,435 ne. Ka raba 1,435 da 87, za ka samu 16 da rabi, wanda shi ne daidai faɗin dogon HO da ake sayarwa. Wanda ke son ya kwaikwayi sabon layi ya huta. Mai son tsohuwar tashar Funtuwa a zamanin auduga kuwa sai ya nemi dogo mai milimita 12. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan dalilin da ya sa jirgin Kaduna zuwa Abuja ba zai iya hawa tsohon layi ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓe, kuma ya fi lissafi wuya. Da za ka kwaikwayi layin Kano zuwa Maraɗi gaba ɗaya a ma'aunin HO, sai ka nemi ɗaki mai tsawon fiye da kilomita 3. Saboda haka dole ka ɗauki gutsure ɗaya ka bar saura. Ni abin da na zaɓa shi ne wata ƙaramar tashar ƙauye da na ƙirƙira a raina, a wani wuri tsakanin Mashi da Katsina, cikin watan kaka: layi ɗaya, da reshen da jirgi zai raɓe wani ya wuce, da rumfar ajiye buhuna, da kwalbati a kan busasshen rafi. Wani zai fi son gefen madatsar ruwan Jibiya, wani kuma wata ƙofar gari, Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Durɓi, da hanyar mota tana tsallaka dogo. Ko wanne ka ɗauka, ka je wurin ka tsaya ka duba shi da kyau. Za ka yi mamakin abin da ka shekara kana wucewa ba ka gani ba: launin ƙasar, yadda zaizaya ta ci gindin katanga, tazarar da ke tsakanin bishiya da bishiya.

Sai zane a takarda. Yawancin masu farawa suna ɗaukar faifan katakon nan da kafintoci ke yin kabad da shi, mai ƙafa 8 da ƙafa 4. Yana isa a yi zagaye ɗaya, domin kwanar dogon HO ba a so ta matse fiye da santimita 46 daga tsakiyar da'ira, in ba haka ba dogayen taragu su riƙa sauka. Amma akwai tarko: idan ka jingina faifan da bango, hannunka ba zai kai can ƙarshensa ba, kuma a can ɗin ne jirgi ke son tsayawa. Shi ya sa mai ɗaki ɗaya ya fi samun sauƙi da kanta mai faɗin santimita 40 zuwa 60 da ke bin jikin bango, sama da inda yara ƙanana ke kaiwa. Hawa ma yana da doka. A kowace mita guda, kada dogo ya ɗaga fiye da santimita 2 ko 3. Idan kana son layi ya haye ta saman wani, kana buƙatar tazarar kamar santimita 8, wato tafiyar mita 3 zuwa 4 kafin ka kai can. Wannan matsalar ce dai injiniyoyin gaske ke fama da ita, shi ya sa kake ganin ana yanke tudu ana cike kwari a hanyar da sabon layi zai bi.

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su san abokan gabarmu na Katsina ba. Na farko ƙurar hunturu. Ƙaramin jirgi yana shan wutarsa ne daga dogon ta cikin tayoyinsa, ƙura kaɗan ta kwanta sai ya fara tangaɗi yana tsayawa. Maganin shi ne a rufe wurin da leda ko zane mara nauyi, a kuma goge dogo da tsumma mai tsabta kafin a kunna. Na biyu zafin bazara: ƙarfe yana miƙewa, saboda haka a bar 'yar tazara kamar kaurin kati a mahaɗar dogo da dogo, a kuma yi wa faifan firam ta ƙasa don kada ya kantare idan damina ta shigo. Na uku gara, wadda kwali da katako abincinta ne. Ƙafafun teburi su zama na ƙarfe, ko a shafe su da magani. Wutar lantarki ma ba ta da wuya yadda ake zato. Jiragen suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, daidai da batirin sola da ke gidaje da yawa yanzu, sai dai a haɗa masa abin rage gudu da fis. Duk mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka.

Inda daɗin yake shi ne gina ƙasar. Farin soson da ake tallafe firji da shi a cikin kwali, shi ne tudu da gangare. A shafa masa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, a barbaɗa jar ƙasa da aka tankaɗe da rariya, a bar ta ta bushe. Tsakuwar ƙarƙashin dogo yashin rafi ne mai ɗan kauri, a zuba shi da cokali, a daidaita da burushi, a ɗiɗɗiga gam a kai. Kuka kuwa ga yadda nake yinta: in tattara siraran wayoyin cikin tsohon kebur, in murɗe su wuri guda su yi gindi, in bar kawunansu a warwatse su zama rassa. Sai in naɗe gindin da tsumma har ya yi ƙiba, in shafe shi da garin katako da aka kwaɓa da gam. Idan ya bushe in yi masa fenti ruwan toka da ɗan ja-ja. Tunda kaka nake kwaikwaya, ganye kaɗan ya isa, sai 'ya'yan kuka guda-guda da ƙwayar shinkafa a rataye da zare. Katangar gida da ainihin laka ake yinta, a bi ta da tsinke a fitar da zanen yatsun magina. Rumbu kuwa murfin kwalba ne da aka yaɓe, aka ɗora masa jinka ta zaren buhu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye mutum-mutumi ba, ya bar su. Amalanke da buhuna da tabarma a gindin bedi sun isa su nuna akwai mutane a garin.

Maganar kuɗi, gaskiya ɗaya ce: kan jirgi da dogo daga waje suke zuwa, kuma da tsadar dala ba kowa zai iya ba. Amma su kaɗai ne abin saye, saura duk daga bola da bayan gida da wurin 'yan katako ake samunsu. Wanda bai da hali ma yana iya farawa da abin da ba ya motsi: dogo na waya, matasansa na tsinken ashana, taragu na kwali, amma komai bisa awo. Inji ya zo daga baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san abin da wasu za su ce: magidanci da iyali ya zauna yana wasan yara, rashin aikin yi ne. Ina jin wannan sau da yawa, ba na kuma jin haushi. Sai dai in ce a lissafa abin da ke cikin wasan: rabawa da ninkawa, zanen taswira, aikin kafinta, haɗa wuta, like da dalma, tarihin gari, da haƙurin gyara abu har sai ya yi daidai. Mu ne ke kukan yaranmu sun haddace lissafi ba su san amfaninsa ba, mu ne kuma ke karɓe motar kara a hannun yaro mu ce ya girma. A daidai shekarun da ya kamata a miƙa masa rula, a nan ake raba shi da abin gaba ɗaya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Layin da ke tahowa zai buƙaci direbobi da masu gyaran inji da masu kula da sigina da masu duba dogo, shekara da shekaru bayan 'yan kwangila sun tafi. Ko dai yaranmu su riƙe waɗannan ayyuka, ko mu zama masu sayar da ruwa da gyaɗa ta taga. Ina kira ga malaman kimiyya da na fasaha a makarantunmu na sakandare, da ɗaliban injiniya na Kwalejin Hassan Usman Katsina: faifan katako ɗaya a kusurwar aji, kowane rukuni ya ɗauki tasha guda daga Daura zuwa Jibiya, ya je ya auno, ya zo ya gina. Iyaye kuma, a wannan kakar idan kun ga yaro yana feɗe kara, ku ba shi rula da fensir, ku tambaye shi tsawon tirelar gaske, ku ce ya raba da 87.

Duk wanda ke da irin wannan sha'awa a Katsina ko Daura ko Funtuwa ko Maraɗi, ya yi magana mu san juna. Allah Ya sa mu ga isowar jirgin lafiya, Ya kuma sa 'ya'yanmu su ci amfaninsa.