Rumbu Malami Ne

Duk wanda ya bi ta ƙauyukan ƙasar Sule Tankarkar zai ga rumbuna jere a bayan gidaje, waɗansu na kara, waɗansu na ƙasa. Mutane sun saba da ganinsu har ba su kula da su. Amma ga mai hankali rumbu malami ne, gama yana koya wa magidanci abin da ba a koyarwa a aji, watau tattali da hangen gobe.

Ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce mai rairayi, tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar. Damina a nan gajeruwa ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba. Abin da manomi ya samu cikin waɗannan watanni, shi zai ci da iyalinsa har wata goma sha biyu. Wannan shi ne lissafin farko da rumbu ke koyarwa: aikin wata huɗu, cin shekara guda.

To, ga yadda abin ya kan kasance. Da kaka ta yi, hatsi ya cika kasuwa, kowa yana sayarwa, sabo da haka ya kan yi araha. A lokacin nan ne kuwa a ke bukukuwa. Sai ka ga magidanci ya buɗe rumbu, ya sa an sussuka dami bayan dami, ya kai kasuwa, don kada a ce bikin 'yarsa bai kai na maƙwabci ba. Kafin bazara ta ƙare rumbu ya yi sauƙi. Da ruwa ya sauka, hatsin nan da ya sayar da araha, shi zai koma saye da tsada.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Mutumin da babu abinci a gidansa tilas ya tafi ƙodago gonar wani, don ya samo abin da za a ɗora a murhu. Yana can yana nome wa wani, tasa gonar ciyawa na cinye ta. In kaka ta zo sai ya sami kaɗan, ga kuma bashi yana jira. Ta haka gaggawar mako guda ta kan jawo wahalar shekara biyu ko uku. Gaskiyar mutanen da, da su ka ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ba a ce duk wanda ya sayar da hatsi da kaka almubazzari ne ba. Akwai ciwo, akwai bashi, akwai tufafin yara da kuɗin makaranta. Amma mai dabara ya kan raba amfanin gonarsa biyu. Riɗi da zoɓo da gyaɗa su ne na kasuwa, gero da dawa na ciki ne. In kuɗin riɗi ya shigo, ya kan sayi tunkiya ko akuya ya ba uwargida ta kiwata. Ran da matsala ta taso, sai a kai dabbar kasuwar Maigatari ran Alhamis, rumbu kuwa yana nan a rufe. Dabba ita ce rumbu na biyu.

A nan ne karatu ya ke da rana. Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci, kada ya zaci amfanin iliminsa rubuta wasiƙa kaɗai ne. Ya sami ɗan littafi da fensir, ya zauna ya yi lissafi. A misali, gida mai cin tiya 2 kullum yana bukatar tiya 730 a shekara. In buhu yana cin tiya 40, ya zama buhu 18 da ɗan ɗori ke nan. Sai ya fid da zakka, watau kashi ɗaya cikin goma na amfanin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi. Sa'an nan ya ware iri, ya ware na baƙi da na 'yan'uwa mabukata. Abin da ya saura bayan wannan, shi ne nasa na sayarwa. Wanda bai yi wannan lissafi ba, cikin duhu ya ke ɗiba.

Har wa yau, ajiya tana da nata ilimi. Gero in an bar shi a zangarniya, rumbu kuma ba ya yoyo, ya kan yi shekaru bai lalace ba. Wake kuwa ƙwaro ba ya barinsa. Amma tun daga 2007 a ka fara yaɗa buhun PICS mai ninki uku, wanda iska ba ta shigarsa, ƙwaron da ke ciki sai ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Mai son ci gaba ba ya raina dabarar kakanni, ba ya kuma ƙin sabuwa in ya ga amfaninta.

Dattawan ƙasar nan ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da shuka ta ƙone, dabbobi su ka mutu, mutane da yawa su ka bar garuruwansu neman abinci. Wanda ya ke da tsohon gero a rumbu, shi ya iya zama a gidansa, har ya taimaki wani. Tun zamanin Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a ka san cewa shekarun ƙoshi su ke ciyar da shekarun yunwa.

Darasin nan bai tsaya ga hatsi ba. Ƙarfin samartaka kaka ce, tsufa kuwa bazara. Albashin ma'aikaci, da ribar ɗan kasuwa, da mutuncin da mutum ke da shi a idon jama'a, duk rumbuna ne, ɗiba ba ƙari ya kan ƙarar da su. Sabo da haka ya kamata kowane magidanci, kafin ya sa tsani ya buɗe rumbu bana, ya ƙidaya watannin da su ka rage kafin sabon gero ya nuna. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma ba da hankalin riƙe abin da ta kawo, amin.