Jiki Magayi: Ƙanena, Keken Tsere Da Ƙwayar Tramadol

A garinmu Illela keke ba baƙon abu ba ne. Da shi manomi yake zuwa gona, da shi ɗan kasuwa yake ɗauko kaya ranar Lahadi, da shi wasu suke tsallakawa Birnin Ƙonni su dawo kafin azahar. Abin da yake sabo shi ne a ga saurayi ya sa hular kwano da matsattsun kaya, ya duƙa a kan siririn keke yana gudu ba don zuwa ko'ina ba, sai don ya fi na jiya sauri. Irin waɗannan samari sun fara yawa, akasarinsu ɗaliban manyan makarantu ne, kuma ba su da mai horarwa ko likitan wasanni. Ni kuwa aikina harhaɗa magunguna a asibiti, don haka nakan gan su ne bayan abu ya riga ya ɓaci. Ɗaya daga cikinsu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da izininsa zan ba ka labarinsa.

Yana shekara ta biyu a wata babbar makaranta a Sakkwato ya tara kuɗin aikin hutu ya sayi keken tsere na gwanjo. Burinsa a bayyane yake: ya shiga gasar tantance 'yan wasan da za su wakilci jiha a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara gudanarwa a Legas tun 1973. A bangon ɗakinsa ya liƙa hoton Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya lashe zango uku a tseren Tour de France na 2024, ya kuma tafi da koriyar riga. Yakan ce mini, "Yaya, in ɗan Asmara ya yi, me zai hana ɗan Illela?" Ban taɓa ganin laifin wannan buri ba, har yau kuwa.

Watannin farko sun tafi daidai. Yakan fita bayan sallar asuba ya yi kilomita 25 ko 30, sau huɗu a mako, ya dawo ya yi wanka ya tafi aji. Da aka sanar da lokacin gasar tantancewa, saura mako goma, sai gaggawa ta shiga. Cikin mako biyu ya ninka tafiyarsa. Ya daina hutun ranar Juma'a. Ranar Asabar kuma ya riƙa taka keke daga Sakkwato zuwa gida, ta Kware da Gwadabawa, tafiyar da ta haura kilomita 80, ya koma washegari. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da sabon nauyi, amma jijiyoyin da suka riƙe gaɓoɓi suna da nawa, sai a hankali suke ƙarfi. Kafin mako na uku ya cika, gaban gwiwarsa ta dama ya fara zafi duk lokacin da ya danna feda a hawa.

A nan hanya ta rabu biyu. Ciwon gaban gwiwa ga mai tuƙa keke yawanci daga abu uku yake tasowa: sirdi ya yi ƙasa, ko ana tura giya mai nauyi da ƙarfin tsiya, ko an ƙara nisa fiye da abin da jiki ya saba. Duka ukun suna da gyaran da ba ya cin ko sisi. Amma wani abokin tafiyarsa ya nuna masa gajeriyar hanya. Ya kai shi wurin wani mai tallar magani, aka ba shi Tramadol, wanda matasa suke kira Tramol, mai nauyin miligiram 225, aka haɗa masa da Diclofenac. Ya sha, ciwo ya ɗauke, ya ji kamar an sake masa sabuwar ƙafa. Mako uku yana haka ba wanda ya sani a gida.

Bari in tsaya in faɗa maka abin da wannan ƙwaya take yi, domin nan ne fannina. Tramadol dangin magungunan kashe ciwo ne masu ƙarfi da ake kira ofiyod. Ba ya taɓa gwiwa ko kaɗan. Aikinsa a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yake, inda yake toshe saƙon ciwo kafin mutum ya ji shi. Jijiyar da ta kumbura tana nan tana ci gaba da lalacewa, mai ita ne kawai ya daina samun labari. Yana kuma kawo jiri, da tashin zuciya, da gyangyaɗi, da jinkirin yanke shawara, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da mai 100 kawai, shi ma da takardar likita. Mai 225 haramtacce ne, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, kuma babu mai iya rantse maka a kan abin da ke cikinsa. Mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa sanin yadda yake da sauƙin samu.

Shi kuwa Diclofenac, da ɗan'uwansa Ibuprofen, haɗarinsu a ƙoda yake. Idan mutum ya yi gumi mai yawa, jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, sai jiki ya saki wasu sinadarai da suke buɗe hanyoyin jini don ƙoda ta ci gaba da aiki. Waɗannan magunguna sinadaran nan suke dannewa. To ka ƙiyasta saurayin da ya sha su, ya hau keke a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato yake haura digiri 40, da gorar ruwa guda ɗaya.

Wata Asabar, da misalin ƙarfe sha ɗaya, ya wuce Gwadabawa kaɗan, jiri ya ɗebe shi. Bai tuna faɗuwarsa ba. Wani direban motar haya mai tsoron Allah ne ya ɗauko shi da kekensa. Hular kwano ta tsage gida biyu, kuma da ba don ita ba da wani labarin nake ba ka. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye. Fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, gwajin jini ya nuna ƙoda ta wahala, aka yi ta ƙara masa ruwa har kwana uku kafin ta dawo daidai. A kwana na biyu ya fara zufa, da rashin barci, da ciwon gaɓoɓi, da baƙin ran da bai san dalilinsa ba. Da na ga alamun na gane su, na tambaye shi a hankali, ya faɗa mini gaskiya. Likitansa ya tsara yadda za a janye shi daga ƙwayar sannu-sannu, domin wanda jikinsa ya saba da ita ba a yanke masa ita rana ɗaya. Ranar gasar tantancewa yana zaune a zaure hannu rataye a wuya.

Abin da na faɗa masa a lokacin shi zan faɗa maka. Ko da ya kai ranar gasa lafiya ya zo na ɗaya, nasarar ba tasa ba ce. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana amfani da Tramadol a lokacin gasa tun watan Maris na 2019, saboda jirin da yake sa wa yana jefa mai shi da na kusa da shi cikin haɗari. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, WADA, ta bi sahu daga 1 ga Janairu, 2024. Nairo Quintana, ɗan Kolombiya, ya zo na shida a Tour de France na 2022, aka soke sakamakonsa bayan an sami wannan magani a jininsa. Tun kafin su akwai Tom Simpson, ɗan Ingila, wanda ya faɗi ya rasu a kan dutsen Ventoux na Faransa ranar 13 ga Yuli, 1967, yana da shekara 29, cikin tsananin zafi, kuma bincike ya gano ƙwayar amfetamin a jikinsa. Ƙwayarsa daban, amma hanyar ɗaya ce: jiki ya yi ta cewa a tsaya, aka toshe masa baki.

Hausawa suka ce jiki magayi. Sai dai mai motsa jiki yana bukatar ya bambance maganarsa iri biyu. Akwai tsamin nama, wanda yake zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mai nauyi, ya kama cinyoyi biyu daidai, ya sake idan jiki ya ɗumama. Wannan ba abin tsoro ba ne. Akwai kuma ciwon da yake tsayawa wuri guda a gaɓa, wanda kana iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa idan ka ci gaba, ko ya zo da kumburi. Wannan umarni ne na a dakata. Haka nan jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ruɗewa, ko ciwon ƙirji, ko fitsari mai duhu: ka sauka, ka nemi inuwa, ka jiƙa jikinka, ka sha ruwa, a kai ka asibiti.

Bayan mako takwas likita ya ba shi izinin komawa kan keke, muka zauna muka tsara abin da yake bi har yanzu. Mun kai keken wurin mai gyara aka ɗaga sirdi, har ya zama idan ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarsa tana miƙewa sosai. Ya koma giya mai sauƙi yana juya ƙafa da sauri. Ba ya ƙara nisan mako fiye da kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce, kuma kowane mako na huɗu yana rage tafiya don jiki ya gyara kansa. Yana hutun kwana biyu a mako. A lokacin bazara yana fita da asuba ya dawo kafin ƙarfe tara. Yana auna nauyinsa kafin fita da bayan dawowa, domin kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ya fita, kuma sai ya mayar da ita da ɗan ƙari. Idan tafiya za ta wuce awa ɗaya yana riƙe gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Guzurinsa dabino ne, abincin dawowa kuwa fura da nono, ko shinkafa da wake. Idan zazzaɓi ya kama shi, yana yin gwaji, ya sha maganin da aka rubuta masa har ƙarshe, ba ya hawa keke sai jiki ya warware.

Ban ce maka ya zama zakara ba. Shekara guda ta tafi, kuma har yanzu bai wakilci kowa ba. Amma a gwajin da suke yi tsakaninsu na kilomita 40, lokacinsa ya fi na kafin faɗuwa da minti huɗu, gwiwarsa shiru, kuma yana barci kamar jariri. Yanzu hoto biyu ne a bangonsa. Na biyun na Ese Ukpeseraye ne, wadda ta zama ta farko daga Nijeriya da ta yi tseren keke a gasar Olamfik, a birnin Paris a 2024, har ta shiga wani rukunin tseren da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Ya ce ya ajiye hoton ne don ya riƙa tuna cewa rashin kayan aiki bai hana ta isa ba.

Ya kai ɗalibi mai keke, ko mai ƙwallo, ko mai dambe, buri ba laifi ba ne, kuma sannu ba ta hana zuwa. Gasa tana dawowa kowace shekara, ƙoda kuwa biyu ce kawai aka ba ka. Idan wani wuri ya fara ciwo, ka huta kwana uku, ka duba sirdinka da nisan da kake yi. In bai sake ba ka je asibiti, kuma ka gaya wa likita ko mai harhaɗa magani cewa kai ɗan wasa ne, domin ya zaɓa maka abin da ba zai cuce ka ba. Idan kuwa ka riga ka fara shan ƙwayar, kada kunya ta hana ka magana, mun ga irinka da yawa kuma sun rabu da ita. Ku kuma iyaye da yayye, in kun ga yaro yana aikin da ya fi ƙarfinsa ba ya kukan gajiya, ku zaunar da shi ku tambaye shi cikin lalama. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya tsare mana matasanmu a kan hanya.