Yini Guda A Magazin Ta Suame

Injin niƙan unguwarmu ne ya kai ni Suame. Sandar cikinsa ta cinye, kwana huɗu matan Ayigya Zango suna ɗaukar masara a ka zuwa Oforikrom. Mai injin maƙwabcina ne, ya ce in raka shi. Muka hau tirotiro a Tek, muka canja a Kejetiya.

Wanda bai taɓa shiga Magazin ba sai ya toshe kunne. Ko'ina guduma, ko'ina baƙin mai. Sunan ya samo asali ne daga rumbun makaman sojan Turawa, inda masu gyaran mota suka fara zama kafin a dawo da su nan. A 1980 jami'ar nan da ke tsallaken titinmu ta buɗe wurin koyar da sana'a a ciki, ta kuma taimaka aka shigo da tsofaffin injunan sassaƙa ƙarfe daga Ingila.

Irinsu muka tarar wajen wani dattijo. Ya ce, "Ticha, juya hannun nan baya." Na juya kusan rubu'in zagaye, wuƙar ba ta motsa ba. Wannan shi ne wasa: dogon sukurun da ke tura wuƙar da notinsa na tagulla sun ci juna, sun yi lako-lako. Mai gaggawa ya yarda da lambar da ke jikin hannun, sai ya ɓata ƙarfen mutane, ya biya daga aljihunsa.

Dabararsa ta farko ba ta cin ko kwabo: ya ja wuƙar baya sosai, kullum ya shigo ta gefe ɗaya. Ta biyu, ya tsaga notin, ya sa ƙaramin sukuru yana matse shi. Amma sukurun ya fi cinyewa a tsakiya, inda aiki ya fi yawa. In ka matse ya yi daidai a nan, sai ya cije a bakin. Injunan zamani masu kwamfuta kuwa, 'ya'yan boris ne ke gudu cikin zaren. In sun yi wasa, akan zuba waɗanda suka ɗara kauri kaɗan, ko a haɗa noti biyu su tokari juna.

Yaron da ke riƙe masa ma'auni ɗalibina ne a da, wanda lissafin gutsure ya kora daga aji. Ina ji yana karanta rabin milimita ba gargada. Ban ce komai ba.

La'asar sakaliya muka ɗauko sandarmu, da sauran ɗuminta.