Gonar da ka gada, ɗana

Ɗana, da nake yaro a ƙasar Mayahi, in gida ya yi wa mutum kaɗan sai ya gai da maigari, a nuna masa daji ya sassabe. Iyakar gona kuwa layin gamba ce da shaidar dattawa. Yau daga Kanembakashe har Korgom gona ce ke jingine da gona, saura ta zama labari, dattawan da suka san iyakoki kuma ƙasa ta rufe idonsu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba: rigimar zamaninku ta ƙasa ce.

Ka sani hukuma ba ta bar ka haka ba. A ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokar tsarin karkara, wadda ta ba haƙƙin gargajiya kariya daidai da na takarda. Ita ta haifi kwamitocin kula da ƙasa, Kofo, tun daga gunduma da kwamin har ƙauye, inda maigari ke shugabanta, ga wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ke rubuta shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Amma doka ba ta da ƙafa, kai za ka taka ka same ta.

Na ga wani maƙwabcinmu a yunwar 1984 ya jinginar da gonarsa don hatsi, baki da baki, saboda kunyar neman shaida a wurin amini. Dukansu sun rasu. Ƴaƴan wannan suka ce jingina ce, ƴaƴan wancan suka rantse saye ne, zumunci ya mutu a gaban alƙali. To kada kunya ta hana ka rubutu, ko da da ɗan'uwanka ciki ɗaya ne. Ai Alƙur'ani ma a Baƙara ya yi umarni a rubuta bashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma in kun zo rabo, a rubuta kason ƙannenka mata da sunansu. Na ga gidajen da aka fara da karɓe gamanar mata, wato ƴan gonakin da ake ba su su noma, da sunan ƙarancin ƙasa, ban ga inda hakan ya yi albarka ba.

Kada ka ci burtali. Mu da muka ji labarin Toda, a ƙasar Gidan Runji, a 1991, inda aka hallaka mutane sama da 100, galibinsu mata da yaran Fulani, mun san inda taku biyu cikin hanyar shanu ke kai al'umma. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Dokar kiwo ta 2010 ta hana kowa mallake burtali da makiyaya, kuma kwarin Gulbin Kaba da goribarsa na kowa ne. In dabba ta yi maka ɓarna kafin ranar sakin gonaki, ka ajiye sanda, ka kira maigari a kimanta.

Masu kuɗi za su zo maka, musamman in gonarka na bakin Tasawa, inda gari ke cin gonaki ana yanka filaye. Na san waɗanda suka sayar suka sayi babur. Babur ya tsufa, yanzu suna ƙodago a gonar wani. Ko ci-rani za ka tafi Kano ko Agadas, kada ka bar ta kwance, don doka ta ba Kofo ikon miƙa wa wani noman gonar da aka yi watsi da ita shekara uku a jere babu dalili. Ka ba ɗan'uwa aro a rubuce, ka kuma gargaɗe shi, in ya zo sassabe, ya bar tohon gawo da kalgo su tashi.