Kifin Dala 45 A Bakin Tekun Zanzibar

Mu mutanen Yelwa ba mu san teku ba sai a taswirar makaranta. Ruwan da muka tashi muka sani shi ne na rijiyar tsakar gida, da na famfo wanda ake turowa daga madatsar Gubi, sai kuwa kogin Gongola da muke ƙetarewa a gadar Dindima in za mu Gombe. Kifin da muka sani shi ne tarwaɗa da karfasa da banda, wanda Inna kan gutsura ta jefa cikin miyar kuka don ya ba ta ƙamshi. Saboda haka mai karatu zai yi mini uzuri idan na ce ranar da na fara tsayawa a bakin Tekun Indiya sai da na daɗe ban ce uffan ba.

Abin ya faru ne cikin watan Nuwamba na 1446 bayan Hijira, watau shekarar 2024. Aiki ya kai ni birnin Dar es Salaam na ƙasar Tanzaniya, wajen wani taron 'yan jarida. Da aka tashi daga taron sai na ga ɗan guzurin da aka ba ni ya yi saura, ga kuma hutun kwana uku a hannuna. Na ce wa raina tafiya mabuɗin ilmi, na yanki tikitin jirgin fito zuwa tsibirin Zanzibar, tafiyar kamar sa'a biyu a kan ruwa.

Ga wanda bai sani ba, Zanzibar tarin tsibirai ne, manyansu biyu, Unguja da Pemba. Larabawan Oman sun daɗe suna mulkinta, har Sarki Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa can a ƙarni na 19. Arzikinta a wancan zamani kanumfari ne da hauren giwa da kuma cinikin bayi, wanda ba a rufe kasuwarsa ba sai 1873. An tumɓuke sarautar Larabawa ranar 12 ga Janairu, 1964, sa'an nan cikin Afrilun wannan shekara ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Tsohon garin, wanda ake kira Garin Dutse, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Yawancin mutanen Musulmi ne, kuma da na shiga lungunansu na ji ƙamshin kanumfari da kiran salla, sai na ji kamar ina cikin unguwar Jahun ta birnin Bauchi, in ban da iska mai gishiri.

Daren farko a wani lambu na ci abinci, sunansa Forodhani, a bakin ruwa gaban tsohuwar ganuwar Larabawa. Da rana ta faɗi sai masu abinci su jera tebura, su kunna fitilu, su hura gawayi, kamar dai yadda masu tsire da masu masa suke yi a Yelwan Tudu. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba: ƙaguwa mai girman faranti, da jatan lande kamar ɗan yatsa, da wata halitta mai hannuwa takwas wadda suke ce wa pweza. Na tsaya ina wasiwasi, ina tambayar kaina ko wannan abu ya halatta. Sai na tuna karatun fiƙihu da muka yi a zauren malaminmu, cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Na yi bisimilla na ci. Naman yana da ɗan tauri kamar ƙundun kaza. Na bi shi da ruwan rake wanda aka matse da citta da lemun tsami. Kusa da ni kuwa wani dattijo da jikokinsa suna shan wata miya mai tsami da suke kira urojo, can gefe Turawa biyu suna cin abin da nake ci, duk a kan benci ɗaya. Na kwana da farin ciki.

To, da na tsaya a nan da ban rubuta wannan maƙala ba. Amma ɗan Adam ba ya ƙoshi da gani. Wani abokin tafiya ya ce mini wanda bai ci abincin dare a kan rairayin Nungwi ba bai je Zanzibar ba. Nungwi ƙauyen masunta ne da masu sassaƙa jiragen katako a can ƙuryar arewacin tsibirin, yanzu kuwa otal-otal sun kewaye shi. Kashegari na shiga mota na tafi.

Ba zan ɓoye ba, wurin yana da kyau. An jera tebura a kan farin rairayi, kowanne da farin ƙyalle da kyandir a cikin kwalba, igiyar ruwa tana zuwa har kusa da ƙafar kujera ta koma. Rana ta yi ja, tana nitsewa cikin teku, jiragen masunta masu filafilai suna wucewa ta gabanta ɗaya bayan ɗaya. Na tuɓe takalmi na nutsa ƙafata cikin yashi mai sanyi. Da na duba hagu da dama sai na lura cewa duk wurin ni kaɗai ne baƙar fata a zaune. Sauran baƙaƙen fata duk a tsaye suke, sanye da fararen riguna, kowa da faranti a hannu.

Wani saurayi ya zo ya miƙo mini takardar jerin abinci, ya ce, “Karibu, kaka.” Na dube shi da mamaki, ina cewa a raina shekarata talatin da 'yan kai, ina na zama kakan wani? Da ya ga na yi turus sai ya bayyana mini cikin Turanci cewa a Swahili kaka yaya ne, watau babban ɗan'uwa. Na gaya masa ma'anar kalmar a Hausa, muka yi dariya tare. Daga nan muka shiga gwada kalmomi, ya ce habari na ce labari, ya ce dunia na ce duniya, ya ce sabuni na ce sabulu, ya ce karafuu na ce kanumfari. Larabci ya bi ta teku ya iso gare su, ya bi ta hamada ya iso gare mu. Na zaɓi gasasshen kifi da shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa. Farashin an rubuta shi da dala, ni kuwa kunya ta hana ni tsayawa in yi lissafi a gaban mutane.

Kafin abinci ya iso magariba ta yi. Na kira shi na ce, “Ƙanena, ina ake salla a nan?” Ya ɗan yi jim, sa'an nan ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan ginin, muka wuce madafa, muka wuce inda ake tara kwalabe da shara. Can jikin katanga an shimfiɗa tabarma, ga buta. Muka yi jam'i da wani mai dafa abinci da wani mai gadi. Da muka sallame sai na ga tukunya a gefe, ma'aikata suna ɗibar shinkafa da wake suna ci a tsaye, da sauri, kowa idonsa na kan ƙofa. Mai gadin ya miƙo mini kwanonsa ya ce karibu. Na ɗebi loma ɗaya don kada in ƙi tayi.

A nan saurayin ya ba ni labarinsa a taƙaice. Ya ce ubansa masunci ne, kuma a daidai inda teburina yake a nan suke jawo jirginsu su ɗaure sa'ad da yake yaro. Yanzu sai su zaga can nesa. Ya ce mai yiwuwa ma kifin da na sa a gasa mini daga komar uban ya fito, domin ga masuntan ƙauyen ake saye kullum da safe. Na tambaye shi ko tsohon ya taɓa zama a ɗaya daga cikin kujerun nan. Ya yi murmushi ya girgiza kai. Ba da fushi ya faɗi ba, har ma ya ƙara da cewa da wannan aiki yake biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta, kuma in baƙi suka daina zuwa ƙauyen zai shiga uku.

Na koma teburina na tarar da kifin yana jirana, an yi masa ado da yankakken lemo. Ya gasu ƙwarai, ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Amma duk lomar da na kai baki sai in tuna marigayi Baba. A gidanmu na Yelwa ba a taɓa rufe zaure lokacin cin tuwon dare ba. Almajiri ko baƙo ko mai wucewa, in ya yi sallama sai ya wanke hannu. Baba yakan ce mana abincin da mutum ya ci wani yana tsaye a kansa yana kallo ba ya zama jini. Ga ni nan kuwa, wanda muka haɗa kafaɗa da shi a sahu ɗazu yana tsaye bayana, hannuwa a baya, yana jiran in ajiye cokali.

Sai aka kawo takardar kuɗi: dala 45. A wannan wata dala ɗaya ta haura naira 1,600, watau na ci kifin sama da naira 72,000 a zama ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Nijeriya cikin Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ashe a sa'a guda na haɗiye abin da ya fi albashin masinja na wata cur. Ba wanda ya cuce ni, farashin yana rubuce tun farko, girman kai ne ya hana ni karantawa. Na biya, na ƙara wa saurayin abin da ya rage a aljihuna, na tafi masauki ina lissafin mudun masara nawa wannan kuɗi zai saya a kasuwar Muda Lawal.

Da na dawo gida na raba tsaraba, kanumfari ga Inna, atamfar kanga ga uwargida. Na nuna musu hotunan teku da na kyandir, amma na yi shiru game da takardar nan har kwana huɗu. Ran na biyar Inna, wadda ba ta kama sunana domin ni ne ɗan fari, ta ce, “Kai wannan, tun da ka dawo kana nuna mana tebur, ba ka faɗa mana abin da aka ci a kai ba.” Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya, har da kuɗin. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta yi shiru, can ta ce, “Kuɗi kai ka nema, kai ka kashe. Ni abin da ya dame ni, a ce ɗana ya zauna shi kaɗai ya cinye kifi guda.”

Wannan magana ta sa na dubi namu gida. Jiharmu ta Bauchi tana alfahari da Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa jiha a 2006. A cikinsa akwai giwaye, akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki wadda ruwanta ke da ɗumi kamar digiri 31 rani da damina. Kullum mu 'yan jarida muna rubuta cewa a gyara, a jawo baƙi daga Turai su kawo dala. Ni ma na sha rubuta haka, kuma har yanzu ban janye ba, domin na ga yadda kuɗin baƙi ke biya wa yaran Nungwi makaranta. Amma yanzu ina ƙara tambaya ɗaya. In baƙin sun zo, ina mutumin Mainamaji da ke bakin ƙofar dajin zai kasance, a kan kujera ko a bayanta? Kuma mu da muke Yelwa, mutum nawa cikinmu suka taɓa kai iyayensu su tsoma ƙafa a Wikki? Ni dai Inna ta haura sittin a garin nan ba ta taɓa zuwa ba, ni kuwa na ƙetare ƙasashe na je kallon ruwan wasu.

Shawarata ga masu tsara harkar yawon buɗe ido ita ce su tuna da wurare biyun nan da na gani. A Forodhani mai sayarwa ɗan gari ne, mai saye ɗan gari da baƙo, benci ɗaya, kuma baƙin ba su gudu ba, cika wurin suke yi kowane dare. A ɗaya wurin kuwa ɗan gari sai ta ƙofar baya. Idan za a raya bakin Gubi ko Dindima ko Wikki, a bar wa mai masa da mai kifi da mai fura wurinsu a gaba inda baƙo zai gan su, a bar hanyar da masunci zai kai ga ruwansa, a kuma sa farashin da malamin firamare zai iya kai iyalinsa ko da sau ɗaya a shekara.

Ranar Asabar ta ƙarshen wannan wata na ɗauki shatar mota, na kwashi Inna da uwargida da yara uku da almajirin gidanmu muka nufi Dindima. Muka sayi soyayyen kifi a bakin gada, aka barbaɗa masa yaji, muka sauka gefen kogi muka shimfiɗa tabarma a inuwa. Direba ya so ya jira a mota, Inna ta aika a kira shi. Mu takwas muka sa hannu a tire ɗaya, kuma duk abin da na kashe har da kuɗin mota bai kai na daren Nungwi ba. Inna ta daɗe tana kallon ruwa, sa'an nan ta tambaye ni ko teku ya fi wannan faɗi. Na ce ƙwarai, ba a hango ƙarshensa. Ta ce to, ita wannan ma ya ishe ta, amma in Allah ya kai mu bayan salla in kai ta Wikki. Na amsa, kuma tun daga ranar na fara ajiye kuɗin.

Allah ya sa mu dace, ya kuma sa albarka cikin abin da muke ci.