Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan Agadas. Shekaruna sun haura 30. Na yi makarantar horon malamai, na sami takarda, sa'an nan aka ba ni ajin manya. Yau ina so in ba ku labarin abin da ya kusa watsa mini aji. Ba wani abu ba ne, wasa ne.

Ana ce masa wasan bidiyo, samari kuwa suna ce masa gem. Ga wanda bai taɓa gani ba, bari in kwatanta. Akwai wani ɗan akwati da ake haɗawa da talabijin. Mai wasa ya riƙe wani abu mai maɓallai da hannu biyu. In ya latsa nan, mutumin da ke cikin talabijin ya ruga. In ya latsa can, ya buga ƙwallo. Akwatin da aka fi sani sunansa PlayStation. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1994, na biyunsa kuma ya biyo baya a 2000. Yanzu ma ba sai da akwati ba, ana yin wasan a wayar salula.

Ni na ƙwallon ƙafa nake so, tun ina ɗalibi. A unguwarmu akwai wani shago mai talabijin uku da benci biyu. Dala 20 ake biya wasa ɗaya. Can nake zuwa in huta. In na zauna na riƙe abin nan, gajiyar yini takan sauka, in manta da damuwa.

Ajina kuwa bayan La'asar yake zama. Mutum 24 ne. Akwai maƙera, akwai mahauci, akwai 'yan kabu-kabu, akwai masu lambu. Babbansu wani dattijo ne mai furfura, dukanmu Baba muke ce masa. Lambunsa yana bayan gari. Kullum da ƙafa yake zuwa, littafinsa a aljihun riga. Burinsa ɗaya ne: ya iya rubuta yawan buhunan albasarsa da kansa, kada dillali ya riƙa faɗa masa abin da ya ga dama.

Wata Talata an yini babu wutar lantarki. Bayan Azahar aka kawo ta. Na ce bari in yi wasa ɗaya in tashi. Aka ci ni, na ce sai na rama. Na rama, abokin wasana ya ce shi ma sai ya rama. Aka kira La'asar na ji, na ce yanzu zan tashi. Da na ɗaga kai, rana ta yi sanyi. Na yi salla a gurguje, na sheƙa aji. Na tarar da dattawa zaune a kan tabarma, sun fi minti 40 suna jirana. Babu wanda ya ce uffan. Sai na ce wani uzuri ne ya tsare ni. Ashe jikan Baba ya gan ni a shagon.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa. A kasuwa ana cewa, "Malamin da ke zama cikin yara yana latse-latse, me zai koya wa mai furfura?" Mai ɗakina ta je suna, ta dawo rai a ɓace, ta ce, "Malam, yau na sha kunya saboda kai." Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Kai da aka ba girma, don me kake zubar da shi?" Ajina ya ragu daga 24 zuwa 15. Baba ma ya daina zuwa.

Da fari fushi na yi. Duk wanda ya taɓa ni sai in ce, "Ku ba kwa dara? Ba kwa kallon kokawa?" Na yi ta gardama a majalisar shayi har murya ta dushe. Gardamar ba ta dawo mini da ɗalibi ko ɗaya ba. Sai ma aka ƙara cewa ga wasan yara ga taurin kai.

Wani dare na kasa barci. Na tuna abin da nake gaya wa ɗalibaina, cewa abin da ya dame ka a kai, rubuta shi ka dube shi da ido. Na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya. A dama na rubuta maganganun mutane waɗanda suke gaskiya. A hagu na rubuta waɗanda ba gaskiya ba.

Gefen dama ya fi yadda na zata tsawo. Na makara aji, gaskiya ne. Na jinkirta salla, gaskiya ne. Na yi wa dattawa ƙarya, wannan ya fi duka muni. Akwai samarin da ke sa kuɗi a kan wasan a shagon nan, watau caca. Ni ban taɓa sa ko dala ba, amma ina zaune ina gani ban ce komai ba. Sa'an nan na yi lissafin kuɗi, irin wanda muke yi a allo. Wasa 3 a rana, dala 60 ke nan. A kwana 30 ya zama dala 1,800, watau jaka 9. Kuɗin cefanen kwanaki da yawa ne, ga shi ina ce wa mai ɗakina ta yi haƙuri wata ya yi nisa.

Likitoci ma sun yi magana a kan wannan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, jerin kuma ya fara aiki a 2022. Ta ba da alamomi uku. Na ɗaya, mutum ya kasa tashi lokacin da ya yi niyya. Na biyu, ya fifita wasa a kan sauran ayyukansa. Na uku, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da wasan ke yi masa. Ana kiransa ciwo in abin ya kai kamar wata 12 yana lalata wa mutum aiki da zaman iyali. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kai su nan. Ni ban kai ba, amma ranar Talatar nan na ga alama ta ɗaya da ta biyu a kaina.

A gefen hagu kuwa magana ɗaya na rubuta: wai wasa na yara ne kawai. Wannan ban yarda ba, har yau. Ku dubi dara. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa ko kashin raƙumi. Manya ke yinta a inuwa, da lissafi da dabara, babu mai cewa girmansu ya faɗi. Ku dubi kokawa. Tun 1975 ake gasar takobi a ƙasarmu, kuma da aka yi ta a nan Agadas a ƙarshen 2023, manyan gari ne a sahun gaba. Ɗan Adam yana bukatar hutu. Bambancin kawai, dara mun gaje ta, wannan kuwa baƙo ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi lambun Baba. Na same shi yana ban ruwa. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri. Ba uzuri ne ya tsare ni ba, wasa ne." Ban ambaci dara ba, ko da yake na san yana yinta.

Ya jima bai ce komai ba. Can ya ce, "Malam, ni ban ce wasa haramun ba ne. Ni ma ina dara. Amma ban taɓa barin albasa ta bushe saboda dara ba. Na baro ruwa, na tako da ƙafa da tsufana, ka bar ni a tabarma. Sa'an nan ka yi mini ƙarya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Daga ranar na kafa wa kaina doka huɗu. Ba wasa sai an tashi aji. In an kira salla in ajiye, ko da ni ke ci. Sau biyu a mako kawai, kuɗin kuma mai ɗakina ta san adadinsa. In aka sa kuɗin caca, in yi magana, in tashi. Na faɗi dokokin nan a gaban aji, don su zama shaida a kaina.

Baba ya dawo bayan mako biyu. Sannu a hankali muka koma 21. Mutum uku ba su dawo ba har yau, wannan kuwa laifina ne. A shagon na lura da samari biyu da ba su iya karanta sunayen da ke fitowa a talabijin ba, da ka suke latsawa. Na gayyace su aji. Ɗaya ya gudu bayan wata guda, ɗaya yana nan, ya kai ga rubuta wasiƙa. Mahaifiyata har yanzu wasan yara take ce masa. Ba na yi mata musu, sai in yi dariya in ce, "To, Inna."

Don haka, ɗan'uwa, in ana sukar abin da kake so, kada ka yi saurin fushi, kada kuma ka yi saurin jefar da shi. Ka tankaɗe maganar kamar gari. Abin da yake gaskiya ka gyara, sauran ka bar halinka ya ba da amsa. Ku kuma iyaye, in kun ga ɗanku da wasan nan, kafin zagi ku duba abu uku: sallarsa, aikinsa, da inda yake samun kuɗin. In ukun nan lafiya suke, ku bar shi ya huta. In ɗaya ya karkace, nan za ku kama.

Bana Baba ya rubuta buhunan albasarsa da hannunsa, ya kawo mini takardar in duba. Babu kuskure ko ɗaya. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.