Toshen da ke cikin kunne na

Jama'a, a wannan watan ba fim ɗin kowa zan feɗe ba, kai na zan tona wa asiri. Tun daga 2023, duk fim ɗin da na kalla a sinima ko a wajen bikin ƙaddamarwa, da toshe a kunne na na kalle shi, kuma kusan babu wanda ya sani.

Abin ya faro ne a wani ɗakin taro a Kano. Wai don karramawa, sai aka zaunar da mu 'yan jarida a layin gaba, dab da wata ƙatuwar sifika. Awa uku ana sakin waƙoƙin fim ɗin, ga mai gabatarwa ya na ta ihu a makirfo. Da na koma gida na kwanta, sai na ji wani siririn sauti kamar kukan gyare a kunne na na hagu. Na ɗauka barci zai tafi da shi kamar yadda ya saba. Har yau ɗin nan ya na nan.

Bayan ƙugin kuma sai wata matsalar ta biyo. Ƙarar cokali a kan faranti, ko hon ɗin A Daidaita Sahu a Titin Gidan Zoo, sai in ji kamar an soka mani allura. Hajiya ta ce, "Ɗan nan, sanyi ne ya shige ka," ta yi ta ɗiga mani man zaitun. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na tafi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna aka yi mani gwajin ji.

Likitan bai ɓoye mani komai ba. Ya ce a can cikin kunne akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gasu da ke karɓar sauti, ƙara mai yawa ta na lalata su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ƙugin, wanda su ke kira tinitus, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin sautin da ta daina samu. Ya ce, "Malam, abin da ya rage maka shi za ka tsare." Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Bisa ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka, awa 8 ne iyakar zaman mutum a cikin desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 sai a raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 kacal. Ni kuwa awa uku na yi a gindin sifika!

Na fara da toshen soso da ake sayarwa a kyamis, mai ruwan lemo ɗin nan. Ya na da arha, kuma ya na rage kusan desibel 30 idan an murza shi an cusa daidai. Amma fa daga nesa ake hango shi, kamar an liƙa maka alawa a kunne. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban aibin sa shi ne ya fi danne siraran sautuka, irin "s" da "ts" da "sh", waɗanda su ne ke sa a rarrabe kalmomi. Da shi na kalli wani fim, na dawo na rubuta cewa maganganun 'yan wasan ba su fita sosai. Bayan watanni na sake kallon sa a gida, sai na ji sauti garau. Wallahi na zalunci mai haɗa sautin nan, kuma sharhin ya riga ya fita. Idan ya na karanta wannan, ya yafe mani.

Daga nan na gane cewa irin aiki na ba kurumta ya ke buƙata ba, rage ƙara ya ke so. Sai na koma ga toshen da makaɗa ke amfani da shi, mai 'yar matata a tsakiya wadda ke sassauta sauti kusan bai-ɗaya, kamar an murɗa rediyo ƙasa. Akwai na kamfanin Etymotic mai rage kimanin desibel 20, akwai kuma wanda ake auna ramin kunnen mutum a zuba masa nasa, a sa matata mai 9 ko 15 ko 25. Na awo ya fi zama daram, sai dai kuɗin sa ya fi ƙarfin aljihun ɗan jarida.

Wajen zaɓen launi na sha dariyar kai na. Na sayi mai garai-garai, wai ba a gani. A kunnen Bature ƙila, amma a baƙar fata ƙyalli ya ke yi da zarar fitilar kyamara ta haska. Na gwada wani baƙi mai zobe a waje, sai aka ɗauka iyafis ne, wai ana haska fim ni kuma ina sauraron waƙa, ka ga an gudu ba a tsira ba. A ƙarshe na tsaya a kan mai ruwan ƙasa, mai gajeriyar wutsiya, wanda ke nutsewa ciki. A nan mata sun more, mayafi ya gama masu komai. Mu kuwa hula a saman kunne ta ke tsayawa.

Wani kuskuren da na yi shi ne da na ji daɗin sa sai na riƙa yini da shi, har a ofis inda fanka kawai ke juyawa. Cikin 'yan makonni sai ƙaramar ƙara ma ta fara gigita ni. Ashe idan ka saba wa kunne da shiru, ƙara tsananta jin sa ya ke yi. Yanzu sai a sinima, ko sitidiyo, ko kusa da janareto a lokeshin na ke sa shi. Wanda ke son ya ɗanɗani abin da na ke faɗa, ya nemi fim ɗin Sound of Metal na 2019, inda Riz Ahmed ya fito a makaɗin ganga da jin sa ke gushewa. Ba banza ba ya ci kyautar Oska ta haɗa sauti.

Me ya sa na ke ta ɓoyo? Tsoro. A industirin nan, idan ka soki fim, abin da za a ɓata ka da shi ake nema. Kwanan baya kuwa sai ga shi wani furodusa ya kama ni ina cire toshen a bakin ƙofa. Ya ce, "Au, Malam, dama kunne ka ke toshewa sannan ka je ka zage mu?" Na miƙa masa sabo da ke cikin aljihu na, na ce, "Alhaji, sa ka koma ciki ka ji." Ya shiga, ya yi kamar minti biyar, ya fito ya na cewa sai yanzu ya ji abin da jarumar sa ke faɗa a ƙarƙashin kiɗan. Bai dawo mani da shi ba, kuma bai sa an rage ƙarar ba.